Jinin Ma'auni: Rayuwar Hajiya Mashudatu Sidiki ta Moshi Zongo

Haihuwa da asali

An haifi Hajiya Mashudatu Sidiki ranar Juma'a, 14 ga Maris, 1969, a unguwar Moshi Zongo da ke birnin Tamale a arewacin Ghana. Mahaifinta, Malam Sidiki Sawadogo, mai gyaran keke ne a bakin kasuwar Aboabo, kuma ɗa ne ga wani falke ɗan ƙabilar Moshi da ya gangaro da shanu daga Wahiguya, can arewa da Ghana, ya sayar, ya zauna bai koma ba. Mahaifiyarta, Awawu, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya tara da Allah ya ba su, waɗanda biyar daga ciki suka rayu. Zuri'ar Sawadogo, kamar gidajen baƙi da yawa a zango, ta saba aurar da 'ya'yanta a tsakaninsu domin kada zumunci ya watse a ƙasar da ba tasu ba.

Karatu

Ta fara karatun allo tana da shekara biyar, ta shiga firamare a 1975. Bayan an tashi daga makaranta takan zauna a rumfar mahaifinta tana riƙe masa kwanon ruwan da yake tsoma tiyub a ciki don gano huji. Malam Sidiki yana da ƙa'ida guda da yake nanata wa duk wanda ya zauna kusa da shi: idan taya ta ƙi shan iska, a fara tuhumar famfo kafin a tuhumi tayar. Mashudatu ta ci gaba da ambaton wannan magana har ƙarshen rayuwarta, sai dai ba da murya ɗaya ba.

Ta kammala sakandare a Tamale a 1988 da sakamako mai kyau a darussan kimiyya. A 1989 ta tafi Accra koyon aikin gwajin jini, duk da adawar wasu dattawan gidan da ke ganin garin ya yi nisa ga 'ya mace. Mahaifinta ne ya raka ta tasha. Ta dawo a 1992 da takardar shaida.

Fara aiki

A watan Oktoba na 1992 ta kama aiki a ɗakin gwaji na wata ƙaramar cibiyar lafiya da ke gefen unguwar Bulpiela a Tamale, kuma a nan ta yi kusan shekara talatin da biyu. Abokan aikinta na dindindin biyu ne, dukansu 'yan kudu: Matilda Quansah daga Cape Coast, da Kodzo Agbeko daga Ho. Da Hausar kasuwa suke magana da marasa lafiya, kuma da ita suke tsokanar juna.

A aikin gwaji akwai abin da ake kira jinin ma'auni. Duk lokacin da za a yi gwaji mai muhimmanci, akan haɗa da jinin wani lafiyayye a gwada su tare, domin idan na lafiyayyen bai fito daidai ba, an san kayan aikin ne suka lalace, sai a soke sakamakon baki ɗaya. Samun lafiyayyen da zai miƙa hannunsa bai da sauƙi a wancan lokaci, saboda jita-jitar da ke yawo a unguwanni cewa ma'aikatan asibiti suna sayar da jini. Don haka ma'aikata sukan ɗebi nasu. A wannan cibiya nauyin ya faɗa kan Mashudatu, wadda ba ta da sikila, ba ta cika zazzaɓi ba, kuma jijiyarta a fili take. Kodzo yakan ce wa sababbin ma'aikata: "Ma'auni namu ba ya cikin firji, yana cikin hannun Sista Mashu." Shekara goma sha takwas jininta bai taɓa ba da sakamakon da ya saɓa wa littafi ba.

Aure da 'ya'ya

A ranar 8 ga Janairu, 1994, ta auri Usumanu Sawadogo, ɗan ƙanin mahaifinta, malamin lissafi a wata makarantar gaba da firamare. Tare suka tashi a gida ɗaya, kuma su suka zaɓi juna. Suka kama ɗaki biyu a Bulpiela, kusa da wurin aikinta.

Allah ya ba su Najat a 1995, sai Jamal a 1997. Jamal ya fara ciwo yana da wata biyar: gudawa da ba ta tsayawa, farin kumfa a baki, da tari mai tafiya ya dawo. Ya rasu a 1998 yana da wata goma sha huɗu. Bashiratu ta zo a 2000 lafiya lau. Wasilatu ta zo a 2003, ta bi hanyar Jamal sawu da sawu, ta rasu a 2004. An gwada yaran biyu da iyayensu ko cutar ƙanjamau ce, ba a samu komai ba. A 2005 aka haifi namiji aka sa masa sunan kakansa, Sidiki, shi ma ya rayu.

A unguwa an fara kiranta mai wabi. Surukarta, Hajiya Fatimata, wadda ta riƙe ta tun tana goye, ba ta taɓa furta kalmar ba, amma da aka haifi Basit ranar 2 ga Fabrairu, 2009, ta sa wanzami ya yi masa tsaga ɗaya a kumatu, ta kuma kai shi bakin juji ta ajiye, wata maƙwabciya ta ɗauko shi, kamar yadda ake yi wa yaron da ake tsoron zai koma. Mashudatu ba ta hana ba. Ta dai tafasa askar da kanta.

Ciwon Basit

Tun 2004 cibiyar ta samu injin ƙirga fararen ƙwayoyin jini domin kula da masu ƙanjamau, kuma Mashudatu aka horar a kansa. Injin yana ƙirga ƙwayoyin da ake kira T, waɗanda su ne kan gaba wajen yaƙar cuta a jikin mutum, kuma iri biyu ne manya. Da farin kumfa ya bayyana a bakin Basit a watan Satumba na 2009, ta ɗebi jininsa ta saka a injin. Iri na farko ya fito da yawa, har ya zarce na yawancin yara. Iri na biyu kusan babu shi.

Ta kai takardar wa Dakta Kwamena Arhin, likitan yara na cibiyar, wanda ya aika da ita ga wani asibitin ƙasar waje inda ya taɓa yin karatu. Amsa ta zo a watan Disamba. Likitocin can sun ce alamun sun yi kama da wata cuta ta gado da ba a cika gani ba, wato rashin wani sinadari mai suna ZAP-70. Wannan sinadari, wanda masana ke kira enzayim, yana zaune a cikin ƙwayar T, kuma aikinsa isar da saƙo: idan ƙwayar ta ci karo da cuta, shi ke kai labari ciki domin ta tashi ta yi faɗa. Idan babu shi, ƙwayoyin suna nan a jini amma ba sa jin kira. Maganinta ɗaya ne, dashen ɓargo, kuma yana bukatar a yi shi kafin cututtuka su cinye huhun yaro. Asibitin ya ce zai karɓi Basit, wata gidauniya kuma za ta ɗauki nauyi, bisa sharaɗi guda: a tabbatar ta hanyar gwaji cewa sinadarin babu shi.

Gwajin yana bukatar antibodi. Wannan wani ruwa ne da ake haɗawa a ɗakin bincike, wanda ba ya kama komai sai abin da aka yi shi dominsa. An liƙa masa wani rini, ta yadda idan ya tarar da ZAP-70 a cikin ƙwaya ya kama shi, sai ƙwayar ta yi haske a cikin injin. Yana zuwa a 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma dole ya zauna cikin sanyi tsakanin digiri biyu zuwa takwas tun daga inda aka yi shi har inda za a yi amfani da shi. Babu shi a Ghana a lokacin. Aka yi odarsa a watan Janairu na 2010.

Ranar 6 ga Maris, 2010

Kwalbar ta sauka a Accra ranar 4 ga Maris, aka sa ta a kula mai ƙanƙara, aka ba direban bas. Bas ɗin ta lalace bayan Kintampo, ta yi awa goma sha tara a bakin hanya, a watan da zafi ya fi tsanani a arewa. Da Mashudatu ta buɗe kular da hantsin ranar Asabar, 6 ga Maris, ta tarar da kwalbar tana iyo a cikin ruwa mai ɗumi.

Ranar hutun 'yancin kai ce, kuma Matilda ta tafi jana'iza a kudu. Kodzo ne kaɗai ya shigo. Ya naɗe hannun rigarsa ya ce a ɗebi nasa a matsayin ma'auni. Ta ƙi, domin kwana shida da suka wuce ya gama shan maganin zazzaɓi, kuma littafi ya ce ba a ma'auni da jinin wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Ta miƙa masa nata hannun, kamar kullum.

Jinin Basit bai yi haske ba ko kaɗan. Jinin Mashudatu ya yi haske, amma dishi-dishi, kusan rabin abin da takardar da ta zo da kwalbar ta ce za a gani a jinin lafiyayye. Ta maimaita gwajin, sakamakon bai sauya ba. Kodzo ya shaida daga baya cewa ta daɗe tana kallon allon injin, sannan ta ce: "Idan ya ba ni rabi, ta yaya zan yarda da shi da ya ba yarona sifili? Zafi ya kashe shi." Ya ce mata: "Sista, mu aika haka nan, su can su duba." Ta amsa cewa ba ta taɓa sa hannu a kan gwajin da ma'auninsa ya faɗi ba, kuma ba za ta fara a kan ɗanta ba, don kada a yi masa dashen da zai iya kashe shi bisa shaidar ruwan da ya lalace. Ta rubuta "ya lalace" a jikin kwalbar, ta soke sakamakon, ta cike takardar sabuwar oda. Ba ta jefar da kwalbar ba, domin doka ta ce a ajiye kayan da suka lalace har mai duba ya zo.

Sabuwar odar ta ɗauki wata biyar. A cikin waɗannan watanni an kwantar da Basit sau uku saboda ciwon huhu.

Kwalba ta biyu ta iso ranar Alhamis, 12 ga Agusta, a farkon azumi, wannan karon a jirgi, da ƙanƙararta. Mashudatu tana ɗakin yara tana jinya, don haka Matilda ta yi gwajin, ta yi ma'auni da jinin kanta. Nata ya haska sosai, na Basit babu komai. Da ta buɗe firji za ta mayar da kaya sai ta ga tsohuwar kwalbar, ta ɗiga kaɗan a ragowar jinin kanta don ta ga iyakar lalacewar. Ya haska daidai da sabuwar.

Matilda ta je ɗakin yara da sirinji, ta ɗebi jinin Mashudatu da na Usumanu ba tare da ta yi musu bayani ba. Da kwalba ta farko da ta biyu, kowannensu ya ba da rabi. Cutar tana kama yaro ne idan ya gaji rashin daga uwa da uba duka. Wanda ya gada daga ɓangare ɗaya yakan rayu lafiya, sai dai sinadarin da ke jikinsa kan iya zama rabin na sauran mutane. Ke nan gwajin watan Maris daidai yake. Matilda ta ce da ta koma da takardar ta rasa ta inda za ta fara, sai ta ce: "Sista Mashu, magani bai mutu ba. Jini naka ne rabi." Mashudatu ta karɓi takardar ta karanta, ta tambayi ƙarfe nawa ofishin Dakta Kwamena yake rufewa.

An aika da sakamakon a ranar. An gwada Bashiratu, aka samu ɓargonta ya dace da na ƙaninta. Ana cikin neman biza likitocin can suka ga hoton huhun yaron, suka ce ba zai jure tafiya ba sai ya ɗan farfaɗo. Basit ya rasu ranar Laraba, 22 ga Satumba, 2010, yana da wata goma sha tara.

Bayan rasuwar Basit

Ta koma aiki bayan kwana bakwai. Abu na farko da ta yi shi ne rubuta rahoto mai shafi huɗu a kan kanta, ta miƙa wa shugaban cibiyar, alhali ba wanda ya nema. A ciki ta bayyana cewa ta san cutar ta gado ce, ta kuma karanta cewa iyaye kan ɗauki rabi, amma ba ta kawo wannan a ranta ba a ranar gwajin. Jumla ɗaya ce kawai a rahoton da ba ta aiki ba: "Na ga ƙanƙara ta narke, sai na daina tunani." Cibiyar ba ta hukunta ta ba, domin ta bi ƙa'idar da ke rubuce. Ita ce ta nemi a sauya ƙa'idar, kuma daga Janairun 2011 ba a ƙara yin irin wannan gwaji a can ba sai da jinin ma'auni na mutum uku da ba su da dangantaka da majinyaci, ba su kuma da ita a tsakaninsu. Ba ta sake ba da jininta ba.

Malam Usumanu bai taɓa ɗora mata laifi ba a gaban kowa. Wani ɗan uwa da ya tada maganar a wurin zaman makoki ya samu amsa gajera: "Rabin nata ne, rabin nawa. Wa za ka kama?"

Tsakanin 2011 da 2014 ta bi gidajen zuri'ar Sawadogo a Moshi Zongo, Walewale da Techiman tana roƙon a bari ta gwada masu shirin aure. Wasu sun yarda. Wasu sun ce tana so ta tona asirin gida, wasu kuma suka daina gayyatarta biki. Ba ta taɓa cewa a daina auren zumunci ba. Abin da take cewa shi ne a sani tukuna. Cikin mutum sittin da ɗaya da ta gwada, goma sha huɗu sun ba da rabi, ciki har da 'yarta Najat da ɗan goggon Najat ɗin, wanda take son aura. Ta zaunar da su biyun ta faɗa musu cewa kowace haihuwa tana iya zuwa da cutar, ɗaya cikin huɗu. Suka ce sun ji, kuma suna son juna. An ɗaura auren a 2014. Sharaɗinta ɗaya ne: duk abin da aka haifa, za a kawo mata jininsa kafin wanzami ko allurar rigakafi su taɓa shi.

Ta sauke farali a 2015, shekarar da Najat ta haifi 'ya mace lafiyayya, Hawawu.

Haihuwar jika

Ranar 19 ga Nuwamba, 2018, Najat ta haifi namiji. An ɗebi jini daga cibiyarsa. Ma'auni uku na ranar su ne Matilda, Kodzo, da wani direban yelo-yelo, wato babur mai ƙafa uku, da ya kawo fasinja aka roƙe shi ya shigo. Hajiya Mashudatu ta haɗa kayan da hannunta, amma da lokacin karanta sakamako ya yi ta fita ta zauna a benci tare da masu jiran layi. Matilda ce ta karanta. Ukun sun haska, na jaririn bai haska ba.

Ta ɗauke uwa da ɗa zuwa gidanta na Bulpiela, ta rufe su a ɗaki ɗaya, ta hana shiga sai da wanke hannu da rufe baki. Ta hana aski, ta hana kaciya, ta hana masu barka ɗaukarsa. Ranar suna aka yanka rago, liman ya raɗa suna daga bakin ƙofa, mata suka cika tsakar gida ba su ga jariri ba. Hajiya Fatimata, wadda ta haura tamanin, ta tsaya a taga ta ce: "Mashudatu, a gidanmu ba a taɓa suna babu mai suna ba." Ta amsa: "Mma, sau uku muka fito da su kowa ya gani. Wannan ki bar min shi." Tsohuwar ta juya ta kori matan da ke tururuwa a bakin tagar. Sunan da iyayensa suka zaɓa shi ne Abdul Basit.

An yi masa dashen ɓargo a ƙasar Indiya a watan Afrilu na 2019, daga yayarsa Hawawu. Da suka dawo, an gwada jininsa a cibiyar a watan Disamba, ya haska.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

An naɗa ta shugabar ɗakin gwaji a 2016. Ta horar da ɗalibai da dama, kuma dukansu sun san labarin 6 ga Maris, domin da shi take buɗe darasin farko, a tsaye, da kwanan wata da adadi, ba tare da ta ambaci cewa yaron nata ne ba sai a ƙarshe. Takan faɗi maganar mahaifinta ta famfo da taya, sannan ta ƙara da cewa bai gaya mata a duba hannun mai bugawa ba.

An gano tana da hawan jini a 2020. Ranar Litinin, 13 ga Mayu, 2024, ta faɗi a wurin aiki jim kaɗan bayan sallar azahar. Ta rasu washegari Talata da safe, tana da shekara hamsin da biyar. An yi mata salla bayan la'asar a Moshi Zongo, a ƙofar gidan da aka haife ta, aka kai ta maƙabartar da aka binne 'ya'yanta uku. Kodzo Agbeko, wanda ba Musulmi ba ne, ya bi gawar a ƙafa har bakin maƙabarta ya tsaya a nan.

Da aka zo kwashe kayanta a ofis, an tarar da tsohuwar kwalbar a can ƙuryar firji, shekara goma sha huɗu bayan zuwanta. An ja layi ɗaya a kan kalmomin "ya lalace", ba a rubuta komai a madadinsu ba. Matilda Quansah ta mayar da ita inda take.

Hajiya Mashudatu ta rasu ta bar mijinta, Malam Usumanu Sawadogo, da 'ya'ya uku: Najat, ma'aikaciyar jinya a Tamale, Bashiratu, malamar makaranta a Savelugu, da Sidiki, ɗalibin kimiyyar gwajin jini a Kumasi. Jamal, Wasilatu da Basit sun riga ta. Ta kuma bar jikoki huɗu, cikinsu har da Abdul Basit, wanda ya shiga aji ɗaya na firamare a watan Satumba. Allah ya gafarta mata, ya haɗa ta da waɗanda suka riga ta.